Maƙoƙon Inna Ba Tsufa Ba Ne

A gidajen Tambuwal da Kebbe, da zarar an ce “tsufa ne”, an rufe ƙofar bincike. Dattijuwa ta rame, zuciyarta na bugawa ba tsari, barci ya ƙaurace mata, ga maƙoƙo a wuyanta tun tana amarya. Ɗanta ma’aikaci a Sakkwato ko Abuja ya aiko da kuɗin maganin ƙarin jini, ya ɗauka ya sauke nauyi. Bai sauke ba.

Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya sinadarin ayodin a gishiri, matakin da ya kare ’yan baya. Amma wadda ta haura shekara sittin ta girma ne kafin wannan doka, kuma gishirin yau ba ya narkar da ƙululun da ya daɗe. Irin wannan maƙoƙo, bayan shekaru yana kwance, yakan fara fitar da sinadarin tayirod fiye da kima, ya hargitsa bugun zuciya har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Idan kuma sinadarin ya yi ƙaranci, sai kasala da jin sanyi da mantuwa, a ce Inna ta fara ruɗewa.

Masu cewa “ta rayu da shi shekara arba’in” suna da rabin gaskiya: galibin ƙululun wuya ba kansa ba ne, kuma ba kowanne ke bukatar tiyata ba. Sai dai ido ba mudu ba ne. Gwajin jini na TSH da hoton wuya ne ke bambance wanda za a sa wa ido da wanda za a yi wa magani. Ƙululun da ke girma da sauri, ko ya dusashe murya, ko ya hana haɗiya, wurinsa Asibitin Koyarwa na Jami’ar Usmanu Danfodiyo, ba askar wanzami ba. Ƙwayar tayirod ma ba ta kemis ba ce: idan ta yi wa tsoho yawa, zuciya da ƙashi ne ke biya.

Hakkin gwamnatin jiha ne tabbatar da cewa ana ɗibar jinin wannan gwaji a manyan asibitocin Tambuwal da Kebbe. Hakkin ɗa kuwa ya fi kusa: ya zo da kansa, ya kai ta.