Ku Daina Korar Yara Daga Bakin Dara

Iyaye da malamai, ku daina kiran dara zaman banza. Ni da abokaina kullum da maraice muke buga ta a fadarmu ta Birni, nan Damagaram, kuma na san abin da take koyarwa.

Gurbi 30 ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12. Sai ka jera uku kafin ka ci ɗan abokin karawarka, kuma ba a yarda ka jera su tun wurin zubi ba. Dole ka hango abin da zai yi tun bai yi ba, ka yi haƙuri, ka sha kaye ba faɗa. Wane darasin lissafi ya fi wannan?

Amma sai mu kori yaro daga bakin dara, mu miƙa masa salula ya shige ɗaki shi kaɗai. Can cacar ƙwallo take jiransa, babu dattijon da zai tsawata masa.

A hana caca, na yarda. Amma dara ko dala ba ta ci. Rairayi ne da tsinke da tsakuwa. Malamai, ku haƙa gurabunta a filin makaranta, ku zauna ku buga da su.