Ƙafar Tarakta Ba A Cire Ta Da Ƙarfin Ƙirji

Jama'a, muna so mu yi magana a kan wani aiki wanda mutane su ke ɗauka tamkar wasa, alhali kuwa ya kan bar mutum da gurguntaka, wani lokaci har ya ɗauki rai. Watau cire ƙafar baya ta tsohuwar tarakta. Abin da aka saba, in ta yi faci ko birkinta ya lalace, sai a kira samari majiya ƙarfi a ce su taru su jawo ta. Mu dai a ganinmu wannan kuskure ne babba, gama aikin na tsari ne da natsuwa.

Da farko mu san abin da mu ke fama da shi. Ƙaramar tarakta mai launin toka da a ke kira Ferguson TE20 an ƙera ta a birnin Coventry na Ingila daga 1946 zuwa 1956, ita kuwa Massey Ferguson 135 ta fito a 1964. Ire-irensu sun daɗe ana ruwa da rana a kansu, tsatsa ta ci notinansu har sun zama kamar an narka su da ƙarfen. Ban da haka, manoma su kan ɗura ruwa cikin tayar baya har kashi uku cikin huɗu, domin ta yi nauyi ta kama ƙasa sa'ad da ta ke jan garma. Taya ɗaya ta kan sha fiye da lita 100, lita ɗaya kuwa kilo ɗaya ce. In an haɗa da nauyin ƙarfe da na roba, to, wane ƙato ne zai tare wannan in ta kifo?

Saboda haka ga tsarin da mu ke ganin ya wajaba. A tsai da tarakta a wuri mai tauri wanda ba shi da gangara, a kashe inji, a sa giya, a sa wa sauran ƙafafun waigi gaba da baya. Akwai wani abu da a kan manta: ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba a tsakiya kaɗai ya ke maƙale, yana lilo. In an cire ƙafar baya ɗaya, nauyi ya koma gefe guda, tarakta tana iya karkata. Don haka a cusa katako a kowane gefe na wannan ƙarfe ya hana shi motsi.

Sa'an nan a sassauta noti tun taya tana ƙasa. Wanda ya ƙi, a jiƙa shi da kananzir ya kwana, a ƙara wa sifana tsawo da bututun ƙarfe. Kada a kuskura a hura wa ƙarfen ƙafa wuta alhali taya tana cike da iska, gama tana iya fashewa. In an ɗaga da jak, a ɗaga kaɗan, daidai yadda taya za ta rabu da ƙasa, a tokare da katako mai ƙwari. Bulon siminti ba abin dogara ba ne, ya kan ruguje farat ɗaya ba tare da ya yi ƙara ba. A juya bawul ya koma ƙasa a tsiyaye ruwan. A bar noti biyu a sake har sai ƙafar ta saki, kana a cire su, a gangara da ita a tsaye, a jingina ta da bango a tokare. In kuwa ta fara faɗuwa, kowa ya ja da baya ya ƙyale ta. Ana sayen taya a kasuwa, amma ba a sayen ƙugu.

Mun san wasu za su ce, damina ta kama, gona tana jira, ina lokacin wannan duka? Su kuma ce ga makanikai nan suna cirewa kullum ba abin da ya same su. Lalle gaggawar damina gaskiya ce. Amma a auna: tsiyaye ruwa da neman katako aikin yini ne ko ƙasa da haka, karaya kuwa jinyar watanni ce, damina ta wuce mai gona yana kwance. Tsohon makaniki kuma, in ka lura da shi, ba ya tsayawa inda ƙafar za ta faɗi. Abin da ka ke gani kamar sauri, sabo ne na shekaru, yaron da a ka kira daga hanya kuwa ba shi da wannan sabo.

Wanda ya tara mutane domin aikinsa, haƙƙinsu yana wuyansa har su koma gida lafiya. Don haka muna roƙon 'yan'uwanmu, duk inda mu ka tarar ana shirin wannan aiki, kada kunya ta hana mu tambaya: an tsiyaye ruwan? An tokare gaba? Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyashe mu. Wassalam.