Gida ko raga: me gola yake tsarewa?

Sunaye uku ne Hausa take da su ga ɗan wasan nan guda da doka ta yarje wa kama ƙwallo da hannu: gola, mai tsaron raga, da mai tsaron gida. Gola aro ne daga Ingilishi, kuma ya zauna daram, har ana cewa golan Kano Pillars. A lura da ɗafin -n: namiji ne duk da ya ƙare da wasalin a.

Takaddamar tana tsakanin sauran biyun. A unguwar Biyafara ta Treichville a Abijan, inda Hausawa suke jin sharhin wasa da Faransanci, kalmar da kunne ya saba da ita ita ce gardien, wadda take nufin gola, take kuma nufin mai gadi. Masu fifita raga suna ganin “mai tsaron gida” ya faɗa wannan rami, domin wanda bai san ƙwallo ba zai zaci maigadi ake nufi. Suna ƙarawa da cewa akwai “mai tsaron baya”, wanda ɗalibi kan rikita da shi.

Hujjar tana da ƙarfi, amma ta raina kalmar gida. A wasannin Hausa gida ba ɗaki da zaure ba ne. Kowane gurbi na dara gida ne, wato wurin da yake naka, wanda abokin karawa yake nema. Raga kuwa zare ce da aka rataya a bayan turaku, kuma yaran da suke buga ƙwallo a lungu, da duwatsu biyu maimakon turaku, ba su da ita sam, amma suna da mai tsaron gida. Aikin ma ya wuce bakin raga: fili ne na yadi 18, da tsara 'yan baya, da fitowa tarar ƙwallo. Alain Gouaméné, wanda Kwaddibuwa ta ci kofin Afirka da shi a Senegal a 1992, ya gama gasar ba a zura masa ko ɗaya cikin wasa ba, sai a bugun fanareti na raba gardama, kamar 11 da 10 da suka yi da Gana. Gida ya tsare.

A rubutun ɗalibi, “mai tsaron gida” ya fi cancanta, jam'insa masu tsaron gida. Gola kuma a bar wa kanun labari da ihun 'yan kallo, inda gajarta take da amfani.