Iyo a Kududdufin Kuza

'Yan'uwa, ga bazara ta shigo, ga hutun Ista a bakin ƙofa. Mu da muka tashi a Bukuru mun san inda ƙafar yaro takan nufa in rana ta take a watan Maris da Afrilu. Wurin iyo na siminti mai ruwa garau, wannan sai a otal, na masu hali ne. Namu shi ne kududdufin kuza, wato ramukan da masu haƙar kuza suka bari, ruwa ya cika su. Kasuwar kuza ta faɗi a 1985, ma'aikata suka watse, ramukan kuwa suna nan har yau.

Kai, mun sha daɗi! Mukan tuɓe, mu ɗora dutse a kan riguna, mu faɗa tsundum. Wanda bai iya ba ya rungumi jarka. Da yamma mu shafa mai don kada fatarmu ta yi fari-fari, amma jan ido yakan tona mu gaban Mama.

Sai dai ramin kuza ba rafi ba ne. Rafi yakan gangara a hankali, shi kuwa bakinsa a tsaye yake kamar rijiya. Taku biyu, ƙasa ta ɓace. Saman ruwan da ɗumi, ƙasansa da sanyi ƙarara, ga laka mai riƙe ƙafa. Akwai gidajen da suka aiki yaro talla da safe, da yamma aka kawo musu rigarsa kaɗai.

Ga kuma tsargiya. A zamaninmu in yaro ya ga jini a fitsarinsa, sa'o'insa sukan ce ya zama namiji. Ashe tsutsa ce, tana girma cikin dodon koɗi, ta fito ta huda fatar mai wanka. In an bar ta takan lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta praziquantel, wanda Cibiyar Carter ta soma taimakawa a raba a Filato da Nasarawa a 1999. Ana auna tsawon yaro da sanda, a ba shi ƙwaya gwargwadon tsawonsa, bayan ya ci abinci. Iyaye, ranar da aka kawo shi makaranta kada ku hana.

To, mu hana su ruwa ke nan? Mu ma an hana mu, da bulala, amma mun je. Abin da bulala ta koya mana shi ne tafiya a ɓoye, inda babu babba kusa. Gara dattawan ekklesiya su nemi wuri marar zurfi, matasa da suka iya iyo su koya wa yaran makarantar Lahadi ranar Asabar. A faɗa musu kuma, in wani yana nutsewa kada su bi shi ciki, su miƙa masa gora ko igiya, su yi ihu.