Lasin Tuƙi a Ƙasar Baƙunci: Hannu Ake Gwadawa ko Harshe?

A 'yan shekarun nan da wuya ka shiga wani gida a kudancin ƙasar nan ba ka ji labarin wani ɗan gidan da ya tafi Ingila ko Kanada ko Jamus ba. Yarbawa har suna suka sa wa wannan tafiya, wato japa, kuma kalmar ta shiga bakin kowa. Ana yawan maganar biza da kuɗin jirgi da sanyin ƙasar, amma ba kasafai ake maganar wata 'yar takarda da ke hana baƙi da yawa barci bayan sun sauka ba, wato lasin tuƙi. Ra'ayina a kan wannan al'amari kashi biyu ne. Ƙasar da ta karɓi baƙo tana da cikakken haƙƙin sake gwada tuƙinsa, ko da ya shekara ashirin yana riƙe da sitiyari. Amma idan ta ce ba za ta gwada shi ba sai da harshenta kawai, to ta fita daga batun kiyaye haɗurra ta shiga wani batu dabam.

Bari mu ɗauki Birtaniya, tunda can ne 'yan Nijeriya suka fi sani. Dokarsu ta yarda baƙo ya yi tuƙi da lasin ƙasarsa na tsawon wata 12 daga ranar da ya zama mazauni. Da wannan wa'adi ya cika, lasinsa na gida ya tashi aiki. Akwai wasu ƙasashe da aka ware, waɗanda mutanensu za su miƙa lasinsu kawai a musanya musu da na Birtaniya ba tare da wata jarrabawa ba, irin su Kanada da Ostireliya da Japan da Koriya ta Kudu. A duk faɗin Afirka ƙasashe biyu ne kacal a wannan jeri, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe. Nijeriya ba ta ciki. Saboda haka direban da ya ƙware a hanyar Legas zuwa Ibadan, wanda ya san kowane rami da kowace kwana, dole ya koma ɗan koyo. Zai nemi lasin wucin gadi a kan fam 34, ya zauna jarrabawar sanin dokokin hanya a kan fam 23, sannan ya biya fam 62 na gwajin tuƙi idan a ranakun aiki ne. Wannan ban da kuɗin malamin tuƙi, wanda shi ne yake cinye aljihu.

Jarrabawar dokokin tana da tambayoyi 50, kuma sai mutum ya ci 43. Bayan su akwai gajerun hotunan bidiyo da ake nunawa a kwamfuta domin a ga ko mutum yana hango haɗari tun kafin ya iso, a nan kuma ana bukatar maki 44 daga cikin 75. Wanda ya ci yana da shekara 2 ya gama gwajin tuƙi, in ba haka ba ya koma farko. Gwajin tuƙin kansa yakan ɗauki kimanin minti 40. Tun kafin a tayar da mota za a sa mutum ya karanta lambar wata mota daga nisan mita 20. Ana yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babban kuskure guda ɗaya ya isa ya kayar da mutum, kuma kimanin rabin gwaje-gwajen da ake yi faɗuwa ake yi. Wanda ya yi gwajin da mota mai sauya giya da kanta, lasinsa ba zai ba shi izinin tuƙa mai giyar hannu ba. A shekarar 2025 jiran ranar gwaji kaɗai ya haura mako 20 a yawancin wurare, saboda cunkoson da ya taru tun lokacin annobar korona.

Na san wasu za su ce wannan wulaƙanci ne, a mai da babba yaro. Ni ban ga wulaƙanci a gwajin tuƙin ba. Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, su kuwa Turawan Ingila suna nan a hagunsu. Sitiyarinsu yana dama, giya tana hannun hagu. A shataletale ana kewayawa ta ɗaya ɓangaren, kuma wanda ke tahowa daga dama ake ba hanya. Wuyan da ya saba juyawa hagu shekara da shekaru ba ya daina wannan ɗabi'a don an buga wa mai shi hatimi a fasfo. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ga kuma abubuwan da muka ɗauka ƙwarewa ce a nan, kamar matse motar gaba, da kutsawa da hanci a cunkoso, da danna hon a matsayin sallama, waɗanda a can su ne ainihin abin da zai kayar da mutum.

Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya game da darajar lasinmu. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda Wole Soyinka ya fara shugabanta, kuma a rubuce tsarinmu yana da kyau: makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, gwaji a gaban jami'an duba motoci, ɗaukar hoto da zanen yatsu. Amma wane ne a cikinmu bai taɓa jin labarin wanda ya karɓi lasi ta hannun dillali ba, alhali ko birki da totur bai gama bambancewa ba? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Muddin haka tana faruwa, direban kirki ne zai riƙa biyan bashin wanda ya sayi takarda, domin baƙon ofis a Turai ba shi da hanyar bambance su.

To, ina matsalar take? Tana wajen harshe, kuma nan ne abin ya shafe mu, mu ɗaliban harshe. Kafin 2014, mai neman lasi a Birtaniya yana iya sa abin sauraro a kunne a karanta masa tambayoyin da ɗaya daga cikin harsunan waje 19, irin su Larabci da Urdu da Turkanci da Bangali, ko kuma ya zo da tafinta. Babu Hausa a cikinsu, babu Yarbanci, babu Ibo, amma ƙofar tafinta a buɗe take. Daga ranar 7 ga Afrilu, 2014 aka rufe wannan ƙofa a Ingila da Sikotland da Wales. Yanzu sai Ingilishi, ko harshen mutanen Wales, ko maganar hannu ta kurame. Dalilan da gwamnati ta bayar sun haɗa da maguɗin da wasu tafintoci suke yi na raɗa wa mutane amsa, da bukatar direba ya fahimci alamun hanya, da ƙarfafa wa baƙi su koyi harshen ƙasa.

Dalilin maguɗi gaskiya ne, an kama wasu. Amma maganin tafintan ƙarya shi ne tafintan da hukuma ta tantance, ko fassarar da aka naɗa tun farko, wadda ba ta san amsa ba balle ta raɗa wa kowa. Kotuna da asibitocin wannan ƙasa ɗin suna aiki da tafintoci kullum, kuma ba wanda ya ce a daina shari'a don an taɓa samun tafinta maƙaryaci.

Dalilin alamun hanya shi ne ya fi kama hankali, sai dai idan aka dube shi da kyau ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Yawancin alamun hanya zane ne da launi da siffa, kuma da gangan aka yi su haka. Yarjejeniyar da ƙasashe suka ƙulla a Biyana a 1968 kan alamun hanya manufarta ke nan, wato direba ya gane alama ko da bai san harshen ƙasar ba. Jan da'ira hani ne, alwatika gargaɗi ne. Alamar tsayawa mai kusurwa takwas, ko a Faransa ko a Jamus, kalmar STOP ce a jikinta. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, dokar da ta ce rashin Ingilishi haɗari ne, ita ce ta bar baƙo ya yi wata 12 yana tuƙi ba wanda ya tambaye shi ko ya iya gaisuwa. Ita ce kuma take musanya lasin mutumin Japan ko na Koriya ba tare da ta ji kalma ɗaya daga bakinsa ba. Mai lasin ƙasashen Tarayyar Turai ma yana iya ci gaba da tuƙi da shi har ya kai shekara 70. Idan da harshe ne yake kashe mutane a kan titi, ai da waɗannan aka fara tarewa.

Jamus ta bi wata hanya. A can lasin baƙo irin namu wata 6 kawai yake aiki, wato sun fi Ingila tsanani a nan, kuma dole a yi jarrabawa biyun. Amma ta dokokin hanya ana iya yin ta da harsuna 12 ban da Jamusanci, har da Ingilishi da Faransanci da Turkanci. A 2016, bayan kwararar 'yan gudun hijira daga Siriya da maƙwabtanta, aka ƙara Larabci. Gwajin tuƙi da Jamusanci ake yinsa, amma kalmomin da ake bukata a cikin mota kaɗan ne: hagu, dama, miƙe, tsaya, juya. Wannan rabo ya yi mini daidai. Abin da direba zai ji a kan hanya ya koye shi da harshen ƙasa, abin da ke bukatar tunani da fahimta kuma a tambaye shi da harshen da yake tunani da shi. Ban kuwa taɓa jin wanda ya zargi Jamusawa da sakaci a harkar mota ba.

Wani zai ce mene ne namu a ciki, tunda ɗan Nijeriya yana jin Turanci. Wane Turancin? Wanda ya gama jami'a zai wuce, ko da yake shi ma zai yi tuntuɓe. A Ingila wuraren tsallaka titi sunayen dabbobi ne da su. Akwai zebra, wato jakin dawa, saboda zanen fari da baƙi. Akwai pelican, tsuntsun da Hausawa ke kira kwasakwasa. Akwai puffin, akwai toucan, kuma wannan na ƙarshe wasa da kalma ne, domin lafazinsa ya yi kama da cewa biyu za su iya, wato mai tafiya a ƙasa da mai keke. Kowanne da dokarsa, kuma ana tambaya a kansu. Wanda ya koyi tuƙi a tasha, ya fara daga yaron mota har ya zama direba, yana iya fin mu duka iya sarrafa mota, amma ya faɗi saboda sunan tsuntsun da bai taɓa gani ba. Ni da na koyi Hausa a aji na san bambancin da ke tsakanin sanin abu da iya amsa tambaya a kansa cikin harshen da ba na gidanku ba, agogo kuma yana tafiya. Sau da yawa amsar tana kanka, tambayar ce ta ɓace maka.

Kada kuma a ɗauka lasi abin ado ne. Ga baƙo, shi ne aikin yi. Yawancin ayyukan da sabon zuwa yake samu, kamar kula da tsofaffi a gidajensu, ko rarraba kaya, ko aikin dare a wajen gari inda bas ba ta zuwa, sai da mota. Uwa mai kai yara makaranta cikin sanyi ita ma haka. Idan aka toshe halattacciyar hanya, wasu za su zauna a gida, wasu kuma za su hau titi ba lasi ba inshora, wanda shi ne haɗarin da aka ce ana gudu. Wannan tunani ne ya sa jihar Kaliforniya a Amurka ta fara ba wa baƙi marasa takardun zama lasi a 2015, jihar Niyok ma ta yi irin wannan doka a 2019. Hujjarsu ita ce mutanen suna tuƙi ko an so ko an ƙi, gara a gwada su a san su. Shi kuwa dalilin ƙarfafa koyon harshe, ina ganin an juya shi ne. Wanda yake fita aiki yana cuɗanya da mutane ya fi saurin koyon harshe a kan wanda aka bari a ɗaki.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, kafin mu gama nuna wa Ingila yatsa, mu waiwayi gida. Mu ma ƙasar baƙi ce. Je ka Agege ko Idi-Araba a Legas, ko Sabo a Ibadan, za ka tarar da mutanen Nijar da na Chadi da na Kamaru waɗanda Hausa ce ta haɗa su da gari, karatunsu kuwa, in akwai, na Faransanci ne ko na Larabci. Da yawansu da abin hawa suke neman abinci. Ga kuma 'yan ƙasa miliyoyi da ba su yi boko ba. Idan muna son a gwada mutum da gaske maimakon ya bi ta hannun dillali, dole tambayoyin su zo masa da harshen da yake ji, a rubuce ga mai karatu, a naɗe a murya ga wanda ba ya karatu.

Wannan kuwa aikin masu nazarin harshe ne, kuma rabinsa direbobi sun riga sun yi mana. Suna da birki da totur da giya da sitiyari da danja da shataletale da gadar sama. Abin da ya rage shi ne maganganun doka, inda kuskuren kalma ɗaya yake sauya hukunci. Yaya za mu faɗi wanda ya fi haƙƙin wucewa a mararraba, da gajeriyar jimla wadda ba ta da harshen damo? Me za mu kira gefen nan na mota da madubi ba ya nunawa, inda ake yawan buge masu babur? Yaya za mu bambance tazarar da mota ke ci kafin ƙafa ta kai ga birki da wadda take ci bayan an taka? Kuma wace kalma ce za ta raba abin da doka ta wajabta da abin da shawara ce kawai, ta yadda Bakano da mutumin Maraɗi za su fahimce ta daidai? Ina ba da shawarar 'yan ajin fassara na bana su ɗauki tambayoyi 50 na dokokin hanya su mai da su Hausa, sannan su kai su tashar mota mafi kusa su karanta wa direbobi goma, su rubuta duk inda aka ce musu a maimaita.