Al'ada Ba A Jini Take Ba

Akwai wata kalma wadda ba ta rabuwa da bakinmu idan gardama ta tashi a gida, watau al'ada. Uba ya ce, "Wannan ba al'adarmu ba ce." Ɗa ya ce, "Baba, ai zamanin al'ada ya wuce." Kowa ya tashi ransa a ɓace. Amma da za a tsai da su a tambaye su ko mene ne al'adar, da ƙyar ɗayansu zai iya ba da amsa. Domin haka a wannan wata bari mu zauna mu duba wannan magana a tsanake.

Kalmar kanta daga Larabci muka aro ta, asalinta kuwa abin da ake komawa kansa a kai a kai har a saba. Mu dai idan an ce al'ada, hankalinmu yakan tafi wurin biki, da suna, da kiɗa, da tufafin gargajiya. Amma masanan ilmin zaman jama'a sun ba ta ma'ana mai faɗi fiye da haka. Wani masani ɗan Ingila, Edward Tylor, ya bayyana ta a shekarar 1871. A wurinsa al'ada ta ƙunshi sani, da abin da mutane suka gaskata, da sana'a, da ɗa'a, da shari'a, da dukan abin da mutum ya koya saboda yana zaune cikin jama'a. To, ashe yadda muke riƙe fartanya al'ada ce. Yadda muke gina rumbu, da yadda muke gaishe da surukai, da harshen da muke magana da shi, duka al'ada ne.

Abu na fari da ya kamata mu riƙe shi ne, ba a haifuwar mutum da al'ada, koyonta ake yi. Jin yunwa halitta ce, amma tuwon dawa da miyar kuka koyo ne. Da za a ɗauki jinjiri daga Dandamisa a goye shi a ƙasar Sin, da Sinanci zai tashi, ba zai san ana durƙusa wa manya ba. Haka kuma ɗan Sin da aka goya a Ikara, Hausa zai yi rangaɗaɗau.

Abu na biyu, al'ada ba ta mutum ɗaya ba ce, ta jama'a ce. Idan mutum shi kaɗai ya saba da wani abu, halinsa ke nan. Sai jama'a sun yi tarayya a ciki, suna kuma sa ran kowa ya bi, sa'an nan ya zama al'ada. Ku dubi gayya. Ba doka ce ta hukuma ba, amma wanda aka yi wa noma bana ya san tilas ya fita idan an kira ta maƙwabcinsa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na uku, al'ada tana wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya. Na huɗu kuma, tana sakewa, tana kuma yin aro. Waɗannan biyu ba ma bukatar zuwa nesa domin mu gan su, gama misalinsu yana nan a ƙofar gidanmu.

Duk wanda ya san ƙasar Makarfi, da Kudan, da Ikara, ya san ƙasar rake ce. Idan an ambaci mazarƙwaila, mutane sukan ɗauka tun kaka da kakanni ake yinta a nan. Rake kam an daɗe ana nomansa a fadamu ana sha. Amma matse shi da injin ƙarfe baƙon abu ne. Wajen shekarar 1914 aka kafa wani ƙauyen Kirista a Gimi, a nan ƙasar Makarfi, ta hannun mishan ɗin CMS, wanda Likita Walter Miller ya zaunar a birnin Zariya tun 1905. Mai kula da ƙauyen shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙin mutum daga tsibiran Karibiyan, inda noman rake ya yi ƙarfi ƙwarai. A Gimi aka shigo da sana'ar matse rake. Ba a daɗe ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya auka wa ƙauyen, mutane da yawa suka mutu, sauran suka watse. Ƙauyen ya rushe, amma sana'ar ba ta mutu ba. Maƙwabta sun gani, sun koya: doki yana kewayawa yana juya injin, ruwan rake yana zuba, a dafa shi har ya yi kauri, a zuba a ƙananan mazubai ya daskare. Uba ya koya wa ɗa, ɗa ya koya wa jika. Musulmi da Kirista duka suka riƙe ta, har ta zama abin da aka san ƙasar da shi. Yau a wurare da yawa injin mai shan mai ya maye gurbin doki, amma mazarƙwaila tana nan.

Ba ita kaɗai ba ce baƙuwar da ta zama 'yar gida. Masara, da gyaɗa, da rogo, da tumatir, da barkono, dukansu asalinsu nahiyar Amurka ne. Wa zai ce yau ƙuliƙuli ba abincin Bahaushe ba ne? Jama'ar da ba ta aro, ba ta kuma sake kome, ba a taɓa yinta ba.

Masana sun raba al'ada kashi biyu. Akwai wadda ake taɓawa da hannu, kamar garma, da turmi, da riga, da injin rake. Akwai kuma wadda ba a taɓawa, kamar harshe, da kunya, da riƙon amana, da girmama na gaba. Wani masani ɗan Amurka, William Ogburn, ya nuna a 1922 cewa kashi na fari yakan yi saurin sakewa, na biyu ya riƙa binsa a baya yana ɗingishi. A tsakanin nan ne rikici yake shiga gida. Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, yau ta kai ƙauyuka da yawa. Amma har yanzu ba mu daidaita a kan ladabinta ba. Yaro zai amsa waya mahaifinsa yana yi masa magana? Saurayi zai nemi yarinya ta waya ba tare da manyansa sun je gidansu ba? Kayan ya iso, tarbiyyar da za ta tafi tare da shi ba ta iso ba tukuna.

Haka nan gandu. A dā uba da 'ya'yansa maza, har masu aure, suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya, kowa kuma yana da 'yar gayaunarsa. Wanda yake so ya san yadda zaman nan yake, ya nemi labarin Baba ta Karo, tsohuwar da Mary Smith ta rubuta tarihinta a Giwa, ta ƙasar Zazzau, aka buga shi a 1954. Yau gonaki sun rarrabu, samari sun tafi Zariya da Kano da Kaduna neman kuɗi. Ba za mu iya komar da gandu yadda yake a dā ba. Amma aikin da gandu yake yi, watau ciyar da tsoho, da gwauruwa, da maraya, wa zai ɗauka? Idan siffar ta tafi, wajibi ne mu nemi wata hanya ta riƙe amfanin.

Saboda haka kuskure biyu ne muke so mu guje wa. Na ɗaya shi ne na mai cewa duk abin da muka tarar daidai ne. Akwai abubuwan da ake yi da sunan al'ada waɗanda ke cutar mutane, kamar aurar da yarinya tun jikinta bai ƙosa ba, da yankan gishiri, da hana 'ya mace makaranta. Tun da mutane ne suka kafa su, mutane suna da ikon ajiye su. Na biyu shi ne na mai cewa duk abin gargajiya duhun kai ne. Wannan yakan zubar da gaisuwa, da zumunci, da harshensa, ya tashi hannu wofi. Mun san gidajen da iyaye Hausawa ne, amma jikoki ba su iya gaishe da kakarsu da Hausa ba. Ba laifin yaran ba ne. Abin da ba a koya musu ba, ina za su same shi?

Ga shawararmu ga kowane gida. Idan maganar wata al'ada ta taso, kada uba ya ce "haka muka tarar" ya yi shiru, kada ɗa kuma ya ce "zamani ya sake" ya juya baya. Ku yi tambaya uku. Wane aiki wannan al'ada take yi mana? Wa take taimako, wa take cuta? Idan muka bar ta, me za mu sa a gurbinta? Sa'an nan abin da kuka ga ya cancanci riƙewa, ku koyar da shi da gangan. Uwa ta nuna wa 'yarta, ta nuna wa ɗanta kuma. Uba ya tafi da yaro gona, ya tafi da shi gaisuwar mutuwa, ya ga yadda ake zama da yadda ake magana. A bar kaka ta yi wa jikoki tatsuniya da dare, ko da sau ɗaya ne a mako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mun sadu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.