Ƙarfin Jiki Ba a Sayensa a Kwalba

Daga unguwar Durumi zuwa Area 1 da Gudu a Abuja, da wuya ka shiga shago ba ka ga lemun ƙarin kuzari ba, kuma da yawa daga cikin masu sayensa 'yan acaba ne da leburori da masu gadi. Ina ganin ana sayar musu da abin da babu shi a kwalbar. Ƙarfin ɗan Adam daga cikin ƙwayoyin halittarsa yake fitowa, inda wasu ƙananan sassa da ake kira maitokondiriya ke aiki kamar murhu: suna ƙona abincin da muka ci da taimakon iskar da muka shaƙa, su fitar da sinadarin ATP, wanda da shi zuciya ke bugawa, tsoka ke motsi. Sukarin lemun yana ci bal-bal ya mutu. Shi kuwa kafeyin da ke cikin lemun ba ya ƙara ko itace ɗaya a murhun. Aikinsa toshe saƙon adenosin, sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa don ya sanar da mutum cewa ya gaji. Gajiyar tana nan, an dai rufe mata baki.

Abin da ke ƙara ƙarfi na gaske sananne ne. Tun a 1967 John Holloszy ya nuna a Amurka cewa ɓerayen da aka saba musu da gudu, maitokondiriyar tsokarsu na ƙaruwa, daga baya aka tabbatar da haka a jikin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Sai sinadarin ƙarfe, wanda jini ke buƙata don kai iska ga ƙwayoyin jiki, ana kuwa samunsa a wake da zogale da hanta. Sai isasshen barci, da maganin zazzaɓin cizon sauro da wuri, don yana cinye jini.

Za a ce wannan wa'azin ƙosassu ne, ai lebura ba ya buƙatar a ce masa ya motsa jiki, kuma mai neman na tuwo ba shi da lokacin barci. Da gaskiya a ciki. Amma hujjar a kan lemun take komawa: wanda aiki ya riga ya tatse jikinsa ya fi kowa buƙatar abinci da hutu, kuma kuɗin kwalba biyu sun fi amfani a wajen mai ɗanwake. Wanda ya saba danne gajiya da kafeyin, ranar da ya daina jinsa, wani abokin zai miƙo masa tiramadol.

Jiki amana ne, kuma ba mai jikin kaɗai za a tambaya ba. Maigidan da ya sa mai gadi ɗaya ya kwana ya yini a bakin ƙofa, da mai babur da ya ɗora wa yaronsa balas ɗin da ba ya cika sai an hana ido barci, suna da kaso a cikin haƙƙin. Su rage wa ma'aikaci awanni, su biya shi abin da zai ci ya ƙoshi.